Hannun Da Ya Rage

Garin Wudil ba ya barci daren Juma'a. Tun la'asar ɗin Alhamis manyan motoci ke tsallako gada da shanu, kafin isha kara ta cika, dillalai da 'yan kamasho da direbobi da yaran mota kowa na neman abin da zai jiƙa maƙoshi. A irin wannan dare, in ka ga benci ya cika har wasu na tsaye da kofi a hannu, to teburin Sale ne.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana sayar da shayi a bakin titin da ya miƙe daga Kano zuwa Maiduguri. Sana'a ce ta hannu biyu. Dama ta ɗaga buta, hagu ta tara kofi. Dama ta yanka burodi, hagu ta danne shi. In ya haɗa mai kauri sai ya ɗaga kofi ɗaya sama ya sako shayin cikin ɗayan, ya mayar, ya sake, har ya huce daidai baki, ko ɗigo bai zuba ba. Habu, ɗan yayarsa, shi ke wanke kofuna yana hura gawayi.

An hana acaba a cikin birnin Kano tun 2013, amma a garuruwa irin Wudil babur ne ƙafar kowa. Wata safiyar damina Sale ya hau bayan ɗan acaba zai je ɗauko burodi, sai wani bijimi ya ƙwace daga hannun masu jansa ya faɗo titi. Sale ya tashi sama ya sauka a kan kafaɗar dama, kansa ya lanƙwashe ya yi hagu. Da aka ɗaga shi, hannun lilo kawai yake yi.

Mai ɗori ya lalubo karaya a ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ya ɗora, ɗorin kuma ya yi kyau. Cikin wata biyu ƙashi ya haɗe. Hannu dai bai tashi ba. Ba ya ɗaguwa, gwiwar ba ta lanƙwasuwa, yatsu ne kawai ke ɗan motsi. Aka ce a ba shi lokaci. Aka yi shafe-shafe, aka sha jiƙe-jiƙe, wani ya ce iska ce, wani ya ce hannu aka sa masa saboda kasuwarsa ta fi ta kowa. Babu wanda ya ce a je a duba jijiya.

Wata Juma'a yana fitowa daga masallaci, wani baƙon alhaji ya dubi hannun da ke rataye, ya cusa masa naira ɗari biyu a aljihu, ya wuce. Alheri mutumin ya nufa. Amma Sale ya daɗe a tsaye, jama'a na wuce shi. Ya san masu irin hannunsa da ke tsayawa a bakin gada suna miƙa ƙoƙo ta tagar mota.

Da dare ya ce wa matarsa, "Hadiza, yau an ba ni sadaka."

Ta ce, "Baban Ummi, ai don bai san ka ba ne."

"Ya san abin da ya gani."

Washegari ya buɗe tebur. Ya sallami Habu, ya ce ya koma ƙauye ya taya uwarsa aikin gona. Kowa ya san karin maganar da ake yi a kan hannu ɗaya da jinka. Sale ya hana a faɗe ta a bencinsa. Ya koyi matse gwangwanin madara tsakanin gwiwoyi ya huda da wuƙa. Ya koyi fasa ƙwai da yatsu uku. Jarka shida yake ɗebowa kullum da asuba, ɗaya bayan ɗaya, jikinsa a karkace. Babbar butar nan da a da yake ɗagawa da dama, hagu na tallafe gindinta, yanzu hagu kaɗai ke cicciɓarta daga kan wuta. Duk wanda ya miƙa wa kofi sai ya ce, "A yi haƙuri da hagu." Yana gama tebur ya koma gida, nan ma ba ya yarda a taɓa masa komai. Shi zai ɗaura mazagin wandonsa da hannu da haƙori, shi zai ɗauki bokitin wankansa, shi zai sauke buhun masara in an kawo.

Ni dai ban ga laifin zuciyar Sale ba. Mutumin da ya ƙi bara ya zaɓi gumi, ba abin zargi ba ne. In akwai laifi, rabinsa na masu zaman benci ne. Kullum cewa suke, "Kai, Sale namiji ne! Hannu ɗaya ya fi masu biyu." Har baƙi ake kawowa su ga yadda yake ɗaga buta. Muna da wannan hali: mai lalura ko dai mu mayar da shi abin tausayi, ko mu mayar da shi abin kallo, ba mu cika tambayarsa yadda ya kwana ba. Yabon nan shi ya rufe wa Sale baki. Ta yaya wanda ake nuna wa baƙi zai ce gwiwarsa na ciwo?

Ga shi kuwa tana yi. Ta wajen gwiwar hannu abin ya fara, daidai ɗan ƙashin nan da ya turo. Da ya damƙi mariƙin buta sai ya ji kamar an soka masa allura. Bayan wasu watanni kafaɗa ta karɓa. Da rana tana lafawa in jiki ya yi ɗumi, da dare kuwa ba ya iya kwanciya a kanta, ga ta dama ma ba ta kwantuwa. Daga baya sai ya riƙa farkawa tsakar dare, babban yatsa da manuni da na tsakiya sun mutu, ya tashi zaune yana yarfe hannu har su dawo. Hadiza na jin sa. In ta yi magana ya ce sanyi ne.

Ya samu wani mai kemis yana yi masa haɗi, ƙwaya huɗu ko biyar a ƙulle cikin leda, fara da ja da rawaya, ba suna ba takarda. In ya watsa su da asuba sai ya ji garau, ya yi aiki har azahar. Tun yana shan ƙulli ɗaya har ya koma biyu. Ya je wajen wanzami aka yi masa ƙaho a kafaɗa, ya ji sauƙi kwana biyu. Cikinsa ya fara zafi, ya ce yunwa ce.

Haka aka kai shekara biyu, har daren kasuwar da ya rage mako ɗaya a yi babbar salla. Kara ba masaka tsinke, tun magariba Sale bai zauna ba. Wajen ƙarfe biyu na dare ya kai hannu ya ɗaga buta, tana cike tana tafasa. Yatsunsa suka buɗe da kansu. Butar ta daki gefen tebur ta kife, mutane suka watse. Ya tsaya yana ba da haƙuri, yana cewa ba komai, Allah ya kiyaye. Wani direba ya ce, "Sale, dubi hannunka!" Ya dubi hagu. Direban ya ce, "Ɗayan!" Daga gwiwa zuwa babban yatsa fatar daman ta saluɓe, shi kuwa ko ɗumi bai ji ba.

An wanke ƙunar a asibitin gari aka naɗe. Ba ita ce ta karya Sale ba. Da gari ya waye, hagu ta ƙi ɗaguwa. Ya yi ƙoƙarin kai loma baki, kafaɗa ta riƙe. Ya ɗauki butar alwala, ta suɓuce. Ranar Hadiza ta ba shi abinci a baki, ta kuma yi masa abin da mutum ba ya so ko ɗan'uwansa ya yi masa. Ya juya fuska bango. Kwana uku bai ce uffan ba.

Yayansa ne ya ɗauke shi bayan salla zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, wanda tun 1959 yake karɓar masu karaya daga ko'ina a Arewa. Likitan ya fara da hagu. Ya tambaye shi ko ciwon na zuwa da nauyin ƙirji, ko gumi, ko ɗaukewar numfashi, domin wani lokaci ciwon hannun hagu daga zuciya yake tasowa, wannan kuwa ba a jira da shi gari ya waye. Sale ya ce a'a. Ya tambaye shi ko bayan gidansa ya taɓa yin baƙi. Sale ya sunkuyar da kai ya ce ya yi. Ya ciro ƙullin mai kemis ya nuna. Likita ya baje ƙwayoyin a tafin hannu, ya ware biyu ya ce diclofenac da ibuprofen ne, dangi ɗaya, ba a haɗa su. Su ne ke cin bangon ciki har ya yi jini, su kuma taɓa ƙoda. Ya ce daga yau an daina, ya rubuta maganin ciki da gwajin jini.

Sannan ya koma dama. Ya ce jijiyoyi biyar ne ke fitowa daga laka ta gefen wuya, su sarƙe da juna a bayan ƙashin nan da ya karye, sannan su rarrabu su sauka hannu. Su ke kai umarnin motsi, su ke dawo da labarin zafi da sanyi. Faɗuwar da ta raba kai da kafaɗa ita ta ja na saman har suka lalace.

Yayan ya ce, "Likita, ba a ɗinkewa?"

"Ana yi, amma da lokacinsa. Jijiya in an gyara ta, kamar milimita 1 take tsirowa a rana, wajen inci 1 ke nan a wata. Tsokar da ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi saƙo bai iso mata ba, da wuya ta farfaɗo. Shi ya sa ake so a yi aikin cikin wata 3 zuwa 6. Akwai sauran dabarun tiyata da ake yi daga baya, za mu zauna a kansu. Amma ba su ne na gaggawa ba." Ya ɗora yatsa a kan kafaɗar hagu. "Wannan ne."

Aka tura su sashen gashi, wajen ma'aikatan fisiyo. Sale ya zaci za a kwantar da shi a kunna masa na'ura. Sai ma'aikacin, wani matashi mai sanyin magana, ya jawo kujera ya ce, "Malam Sale, ba ni labarin yininka, daga kiran assalatu har ka kwanta. Kada ka tsallake komai."

Sale ya fara, shi kuma yana rubutu. Jarka nawa? Shida, masu lita 25. Ya ce to kowace kilo 25 ke nan, rabin buhun siminti, a rataye a yatsu huɗu. Butar lita nawa take ci? Goma. Sau nawa ake ɗaga ta a daren kasuwa? Sale ya ce ba ya ƙirguwa. A ina sukari da madara suke? A kan katakon sama, sai ya miƙa hannu. Tsawon teburin fa? Sale ya nuna ƙirjinsa.

Ma'aikacin ya ajiye biro ya ce ciwo uku ne a hannun, kowanne da mafarinsa. Tsokoki huɗu ne suka rungume kan ƙashin kafaɗa suna riƙe shi a gurbinsa, jijiyar da ta ɗaure su da ƙashi kuma ta wani matsatsen wuri take bi. Ɗaga nauyi da hannu a miƙe, sama da ƙirji, shi ke gajiyar da ita, shi ya sa take hana barci. Na gwiwa kuwa daga damƙa ne, domin tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu a jikin ɗan ƙashin nan suke manne.

"Na ukun shi na fi tsoro," in ji shi. "Akwai jijiyar ji da motsi da ke ratsa wuyan hannu ta wata 'yar ƙofa, tare da jijiyoyi tara na yatsu. In wurin ya matse sai ta shaƙe. Ita ce mai babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na kusa da shi. Ita ta sakar maka buta. In aka bar ta, naman gindin babban yatsa zai shanye, a kai ga tiyata. Wanda aka yi wa tiyata a hannu yana da ɗayan da zai ci abinci kafin ya warke. Kai da wanne za ka ci?"

Sale ya ce, "To Likita, a yi min allura mana."

"Allura tana kwantar da shi na wasu makonni. In ka koma wa jarka zai dawo, in kuma aka yawaita ta tana raunana jijiyar. Ƙwayoyin da kake sha ma ba su warkar da komai ba, sun dai hana ka jin gargaɗi ne kana ƙara ɓarna."

"Sai in kwanta ke nan."

"A'a. In ka rataye shi ka daina amfani da shi, zai sandare, ya ƙara rauni. Nauyin za a rage, a sauya yadda ake ɗaukarsa, sannan a gina ƙarfin hannun a hankali. Abin da ƙafa ko ƙugu za su iya, kada a ba hannu. Abin da ƙarfe ko katako za su iya, kada a ba jiki. Abin da wani zai iya yi maka, ka bar masa."

Ya kuma ce a daina ɗaukar dama tamkar gawa. Hannun babban mutum ya haura kilo 3, in yana lilo yini guda yana jan wuya, yana karkatar da jiki, hagu ce kuma ke biyan bashin. A rataye shi da majanyi in za a yi doguwar tsayuwa ko tafiya. Kullum a motsa kafaɗarsa da gwiwarsa da yatsunsa don kada su daskare, kuma ba hagu ce za ta yi wannan aikin ba, wani ne zai yi. In ƙunar ta warke a riƙa ɗora shi a kan tebur yana danne abu, nesa da wuta, a duba fatarsa kowane dare, tunda ba zai faɗi da kansa an ji masa ciwo ba.

A mota, kan hanyar komawa, Sale ya ce wa yayansa duk ya yarda, ban da maganar ɗaukar yaro. Ya kwana biyu a kan haka.

Baba Ɗanjuma, tsohon dillalin shanun huɗa wanda ya shekara goma yana shan ruwan bunu a teburin, ya zo duba shi. Ya zauna a zaure ya saurara har Sale ya gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk shekara ana kawo min irinka a kara. Mutum na da shanun huɗa biyu, ɗaya ya gurgunce a farkon damina. Maimakon ya ari na maƙwabci ko ya rage gona, sai ya ɗora wa mai lafiyar karkiya shi kaɗai, yana yabonsa yana duka. San yakan ja, don ba ya da bakin ƙi. Kafin kaka wuyansa ya ɓare, ƙafa ta kumbura. Su biyun ake kawo min, kuma ba manomi ke saye ba, mahauci ne."

Sale ya yi shiru. Daga bayan labule Hadiza ta gaishe da tsohon, sannan ta ce, "Baba, ku faɗa masa. Shekara biyu ya hana ni ko ɗaura masa maɓalli. Kwana ukun nan da na yi masa komai, shi yana ganin wulakanci ne, ni kuwa ban taɓa jin na yi amfani a gidan nan kamar su ba. Baban Ummi, ladan da zan samu a kanka ma sai ka hana ni?"

Aka aika wa Habu ya dawo.

Gyaran teburin bai ci kuɗi mai yawa ba. Mai walda ya fasa gindin wata babbar tukunya ya sa mata famfo, ta zauna a kan murhu ba mai ɗaga ta, kofi kawai ake tarawa. Kafinta ya rage ƙafafun tebur ya dawo daidai ƙugu, ya cire katakon sama, sukari da ganyen shayi suka sauko kusa da ciki. Ya yi masa allo mai ƙusa biyu a tsaye, a soka burodi ya tsaya da kansa a yanka. Aka naɗe mariƙin wuƙa da na kasko da roba suka yi kauri, don abu mai kauri ba ya bukatar damƙa mai ƙarfi. Jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin kwano ya hana shi gudu in ana kaɗa ƙwai. Madarar gari ta maye gurbin ta gwangwani. Ruwa kuwa ɗan ga-ruwa ke kawowa a kura, ya juye da kansa. A gida tela ya cire mazagi ya sa roba a wanduna, Sale ya koyi fara zura hannun dama in zai sa riga, ya bar shi ƙarshe in zai cire. Da dare ya ɗaura takalmin wuyan hannu da aka ba shi don kada ya lanƙwashe cikin barci, ya kwanta rigingine, matashi a ƙarƙashin kowane hannu.

Ya tambayi limamin unguwa maganar ibada, don ya lura duk tasowa daga sujada a kan tafin hagu yake dogarawa. Liman ya ce ba laifi a zuba masa ruwan alwala, kuma mai ciwo yana da sauƙin yin salla a zaune har ya samu dama. Ya yi ta a zaune makonni kaɗan, kafin ya koyi tasowa da ƙarfin cinyoyi.

Abu ɗaya ne ya yi masa ɗaci har ransa: hucar da shayi. Wannan ɗaga kofi sama da aka san shi da shi ya koma hannun Habu. Ranar farko yaron ya zubar da rabi a ƙasa. Sale ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya matso ya ce, "Sauke gwiwarka. Ido a kan na ƙasa, ba na sama ba."

"To, Kawu."

Motsa jikin da aka koya masa ba shi da wani kwarjini, har kunyar yi yake a gaban mutane. Robar tayar keke ce ake ɗaurewa a jikin ƙofa, ya manna gwiwa a haƙarƙari, ya ja waje sannu, ya mayar sannu. Sai matse allunan kafaɗa baya. Sai ɗora hannu a kan cinya, a ɗaga masa wuyan hannu riƙe da ƙaramar gorar ruwa, shi kuma ya sauke a hankali. An ba shi ma'auni: ɗan ciwon da ya lafa kafin gari ya waye ba komai, amma in ya tashi da safe ya fi jiya, to jiya an wuce gona da iri, a rage. In ciwo ya matsa, farasitamol biyu masu miligiram 500, kada su wuce takwas tsakanin dare da rana. An kuma gaya masa irin wannan jijiyar ba ta gaggawa, ya sa ran wata uku kafin ya ga canji na sosai.

A mako na shida ya fara barci har asuba, yatsu suka daina mutuwa. Nan ya ruɗu. Wata Alhamis ɗan ga-ruwa ya makara, Habu ya tafi sayo gawayi, ga jarka biyu a ajiye. Ya dube su, ya dubi hanya, ya cicciɓa. Daren nan bai runtsa ba, ya koma kusan inda ya fara. Da ya je Dala ranar da aka ba shi, ya faɗi gaskiya, yana jiran faɗa. Ma'aikacin ya ce kusan kowa sai ya yi haka, domin ciwo yana riga rauni tafiya. Ranar da mutum ya ji garau ita ce ranar da ya fi bukatar taka-tsantsan. Ya ce masa ko bayan ya warke, hannun nan aikin biyu zai yi har ƙarshen rayuwa, saboda haka robar ƙofa da famfon tukunya ba na wucin gadi ba ne.

Dama ba ta dawo ba. Kuɗin tiyatar da aka zauna a kanta ya fi ƙarfinsu, suka bar wa Allah. Amma gaɓoɓinta ba su daskare ba, don Hadiza na motsa su kullum bayan isha, kuma daman ce ke danne leda in zai ƙulla wa mai tafiya burodi. Hagu kuwa takan yi magana lokacin hunturu, ko in an yi kasuwa mai nauyi. In ta yi, washegari Habu ne a gaban kasko, Sale na zaune yana karɓar kuɗi.

Da babbar salla ta zagayo, ya yanke cewa a daren kasuwa ƙarfe goma sha biyu zai tashi, Habu da wani abokinsa su kai asuba. Wasu tsofaffin abokan ciniki suka koma teburin gaba, suka ce shayin yaro bai kai na Sale ba, kuma gaskiyarsu ne, bai kai ba tukuna. Masu kawo baƙi kallo ma suka daina. Bayan salla suka zauna da Hadiza suka yi lissafi. Tsakanin kuɗin yara da na ɗan ga-ruwa, riba ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ta tuna masa abin da yake kai wa mai kemis kullum, da wata biyun da tebur ya yi a rufe, suka cire. Abin da ya saura ya isa cefane da kuɗin makarantar Ummi, amma bai kai ga rufin ɗakin da suka so yi bana ba. Suka ɗage shi zuwa baɗi.